Babi na Bakwai: Hoto Bayan Magariba

Me ya sa wayar da ke ɗaukar hoto tangaran da hantsi take komawa kamar ba ita ba da zarar an yi sallar Magariba? Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton biki ya san wannan takaici. Hotunan ɗaurin aure da aka yi da rana sun fito, har zaren aikin hula ana gani. Na dare kuwa, fuskoki sun yi dishi-dishi, duhun bayansu ya cika da yashi-yashi mai ja da kore, ko kuma filasha ta wanke fuskar mutum ɗaya fat ta bar sauran jama'a cikin baƙin duhu. Daga nan sai a ɗora wa waya laifi, a fara tara kuɗin sabuwa. Wani lokaci da gaskiyar mai ita. Amma sau da yawa sabuwar ma haka za ta yi masa, domin bai san abin da ke faruwa a cikinta ba idan haske ya yi ƙaranci.

A tsakiyar wannan magana akwai haruffa uku da ke jikin kowace kyamara, da kowace wayar da ke da sashen da aka rubuta wa Pro. Haruffan su ne ISO, kuma su za mu bi a wannan babi. Na zaɓi mu yi darasin a Lolo, garin da ke ƙaramar hukumar Bagudo a Jihar Kebbi, a bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, kusa da Kogin Kwara. Dalilina shi ne, daren irin waɗannan garuruwa dare ne na gaske. Babu jerin fitilun titi irin na Abuja da za su rufa wa mai hoto asiri. Abin da ke akwai shi ne ƙwan sola a teburin mai shayi, da janareta a shagon caji, da tocilar masunci, da farin wata idan lokacinsa ne. Wanda ya iya hoto a nan ya iya shi a ko'ina.

Dare ya fi yadda ido ke gaya maka duhu

Abu na farko da ya kamata mai hoto ya yarda da shi, idonsa ba amintaccen ma'auni ba ne. Allah ya yi wa idon ɗan Adam baiwa: idan ka fito daga ɗaki mai haske ka shiga duhu, ƙwayar idonka takan buɗe, sannan cikin minti 20 zuwa 30 ganinka ya daidaita, har ka fara rarrabe hanya da ciyawa. Wannan sabo ne ke sa muke raina tazarar da ke tsakanin rana da dare.

Masana suna auna hasken da ke sauka a kan abu da wani ma'auni mai suna luks. Rana tsaka a fili takan kai luks 100,000. Ofis mai wadatattun fitilu yana tsakanin 300 da 500. Farin watan daren goma sha huɗu, wanda yara ke wasa a dandali har suna gane juna daga nesa, bai wuce kusan rubu'in luks ɗaya ba. Wato rana ta fi cikakken wata haske kusan sau 400,000.

Masu hoto suna lissafin haske ne da ninki, kowane mataki ninkin na ƙasa da shi. Daga farin wata zuwa rana tsaka akwai matakai kusan 19. Daga ISO 100 zuwa 6400 kuwa, inda yawancin kyamarori masu matsakaicin kuɗi ke fara gazawa, matakai 6 ne kacal: 200, 400, 800, 1600, 3200, 6400. Ke nan ISO shi kaɗai ba zai taɓa cike wannan rami ba. Sauran matakan dole a nemo su daga abubuwa biyun da muka riga muka sani a babobin baya: faɗin ƙofar da ke cikin gilashin kyamara, wadda ake rubuta wa lambobi irin f/1.8 ko f/5.6, da kuma tsawon lokacin da marfin kyamara ke zama a buɗe. Waɗannan biyun ne kawai suke ƙara yawan hasken da ke shiga.

Daga fim zuwa sensa

Tsofaffin masu hoto na Birnin Kebbi da Yawuri da Sakkwato, waɗanda suka yi zamanin wanke hoto, sun san waɗannan lambobi tun a jikin kwalin fim na Kodak ko Fuji ko Konica: 100, 200, 400. Fim mai lamba 400 ƙwayoyin sinadarin azurfar da ke jikinsa sun fi girma, don haka ya fi saurin kama haske, amma hotonsa ya fi tsaki. Idan ka zura fim mai 100 da safe, kana tare da shi har hotuna 36 ɗin su ƙare, ko da dare ya riske ka. A da Amurkawa suna da nasu ma'auni mai suna ASA, Jamusawa suna da DIN, sai a shekarar 1974 aka haɗe su a ƙarƙashin hukumar daidaita ma'aunai ta duniya da ke Janeba, wadda sunanta ne ya zama sunan lambar.

Shekara guda bayan haka, a 1975, wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko, wadda ba ta amfani da fim. Hotonta baƙi da fari ne, ɗigo 10,000 kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya a kaset. A madadin fim akwai wani ɗan faranti da ake kira sensa, wanda aka rarraba shi gida-gida. Kowane gida yana karɓar haske ya mayar da shi ɗan ƙarfin lantarki, sai kyamara ta auna ta rubuta. Haka ake yi har yau, sai dai gidajen sun koma miliyoyi.

A nan ne ruɗani ya samo asali. An bar tsohon suna da tsofaffin lambobi, amma aikin ya sauya. Idan ka ɗaga ISO a kyamarar zamani, sensa ba ta ƙara kama haske ko ƙwaya ɗaya. Ɗan abin da ta kama ne ake kumbura shi.

Murya ce, ba eriya ba

Wanda ya tashi a gidan da ake sauraren BBC ko Muryar Amurka ko rediyon Jamus a gajeren zango ba ya buƙatar dogon bayani. Idan tasha ta yi rauni ka murɗa murya, maganar mai labarai za ta ƙaru, amma shuuu ɗin da ke bayanta ma zai ƙaru tare da ita. Dattijon da ya san kan rediyonsa ba murya yake fara taɓawa ba. Yakan zaro eriya, ya juya akwatin, wani lokaci ya fito da shi tsakar gida. Sai tasha ta kamu sannan ya ƙara murya gwargwadon buƙata. To, ISO murya ce. Ƙofar gilashi da tsawon lokaci su ne eriya.

Amma daga ina shuuu ɗin hoto yake fitowa? Haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kuma ƙwayoyin ba sa sauka a tsare. Gidaje biyu na sensa da ke maƙwabtaka, suna kallon bango ɗaya, ba za su sami adadi ɗaya ba. Akwai ƙa'idar lissafi a kan wannan saɓani. Idan kowane gida yana samun ƙwaya 10,000, saɓanin yakan kai kamar 100, wato kashi ɗaya cikin ɗari, ido ba zai gani ba. Idan ƙwaya 100 yake samu, saɓanin yakan kai 10, wato kashi goma cikin ɗari. Wannan kam ido zai gan shi, shi ne yashin nan. Da rana kowane gida a ƙoshe yake. Da dare kowa da yunwa, sai ɗan bambancin da ke tsakaninsu ya fito fili da zarar an kumbura hoton.

Ashe ke nan ba ISO ne ke haifar da yawancin yashin ba, ƙarancin haske ne. ISO tona shi kawai yake yi. Na nanata wannan ne domin na sha ganin matasa masu sha'awar hoto da aka tsorata su da cewa kada su kuskura su wuce 100 ko 200. Sai su tsaya a nan da dare, kyamara ta rama da barin marfi a buɗe rabin daƙiƙa, kowa ya fito da fuska biyu. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: hoton da ke da yashi amma idon mutum ya tsaya cak ya fi hoto mai santsi wanda ba a gane ko wane ne. Yashi ana rage shi a kwamfuta. Fuskar da ta zame kuwa ta tafi ke nan.

Ba ina nufin ɗaga ISO kyauta ne ba. Duk lokacin da ka ƙara, wurare masu haske suna saurin ƙonewa su zama fari fat, launuka kuma suna kodewa. Kamfanoni suna ta tsere a kan manyan lambobi. Nikon D3 da ta fito a 2007 ta ba masu hoto mamaki da tsabtar hotonta a 6400, Sony a7S ta 2014 kuma ta zo da lamba har 409,600. Kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka. Ka gwada taka kyamarar da kanka: wuri ɗaya, fitila ɗaya, ka ɗauka a 800, 1600, 3200, 6400, ka duba su a girman da za ka yi amfani da su. Inda ka ga ranka ya daina karɓa, nan ce iyakarka. Hoton da za a gani a fuskar waya yana ɗaukar yashin da hoton da za a buga a babban kalanda ba zai ɗauka ba.

A teburin mai shayi

Mu je tasha bayan sallar Isha'i. Ga tulin burodi, ga gwangwanayen madara a jere, ga butar ruwan zafi tana tururi, ga ƙwan sola guda ɗaya a rataye a jikin sanda. 'Yan kabu-kabu da suka yi yini suna jigila tsakanin nan da Madekali ta Benin suna zaune a benci, ana hira da Hausa da Zabarmanci. Mai shayi yana ɗaga kofi sama yana zubo shayi cikin wani kofin don ya huce. Wannan hoto kake so, yadda yake, da duhunsa da haskensa.

Fara da eriya. Buɗe ƙofar gilashi iyakarta. Gilashin da ake sayar da kyamarori da yawa da shi, wanda aka rubuta wa 18-55, ƙofarsa f/3.5 ce idan ba ka zuƙo ba, amma da ka zuƙo zuwa ƙarshe sai ta tsuke ta koma f/5.6. Ka yi asarar fiye da rabin haskenka ba tare da ka sani ba. Saboda haka da dare ƙafarka ce za ta matsa, ba gilashi ba. Idan kuma kana da halin sayen abu ɗaya don hoton dare, kada ka sayi sabuwar kyamara. Nemi ɗan gilashin nan mai lamba 50 da f/1.8, wanda yana cikin mafiya araha a wajen Canon da Nikon, kuma ana samun na hannu. Yana shigar da haske kusan sau goma fiye da f/5.6. Hoton da zai buƙaci ISO 25,600 da wancan, da wannan 3200 ya ishe shi.

Sai lokaci. Mutumin da ke zaune yana hira, kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa yakan tsayar da shi. A wannan saurin fuskar mai shayi za ta fito, zaren shayin da ke zubowa kuma ya yi laushi, abin sha'awa. Idan hannunsa kake son tsayarwa cak, sai ka kai 1/250, ka san kuma ka rage haskenka sau huɗu, ISO ne zai biya. Ka manne gwiwoyin hannunka a ƙirji, ka jingina da bango ko jikin mota, ka danna a hankali bayan ka sauke numfashi.

Sai yanzu za ka taɓa murya. A irin wannan haske, da f/1.8 da 1/60, za ka tarar kana wajen 1600 zuwa 3200. Karɓe shi hannu biyu.

Akwai kuma dabarar da ta fi duk waɗannan, ba ta cin ko kwabo. Haske yana raguwa da nisa fiye da yadda ake zato: idan nisa ya ninka, hasken kashi ɗaya cikin huɗu ne ke saura. Juya maganar. Dattijon da ke zaune mita biyu daga ƙwan sola, idan ya dawo mita ɗaya, hasken fuskarsa ya ninka sau huɗu, ISO ɗinka ya sauko daga 3200 zuwa 800. "Baba, don Allah ɗan matso kusa da fitilar nan" ta fi kyamarar miliyan amfani a wannan dare. Ka tsaya ta inda hasken zai bugi fuskarsa daga gefe, kada fitilar ta zama a bayansa, kada kuma ta kalli gilashinka kai tsaye.

Abu biyu za su iya ba ka matsala a nan. Na farko, kyamara ba ta san dare ne ba. An gina ma'auninta ne ya mayar da kowane wuri tsaka-tsaki, ba duhu ba haske ba. Idan ta ga baƙi ya yi yawa sai ta ɗaga ISO sama don ta mayar da dare rana, ta ƙona ƙwan fitila, ta cika sama da yashi. Nemi alamar ƙari da ragi, ka rage mataki ɗaya. Dare ya zauna a darensa. Na biyu, idan ka koma shagon caji inda janareta ke aiki, za ka iya ganin ratsi-ratsi baƙaƙe a kwance cikin hoto, musamman a waya. Lantarkin Najeriya da na Benin yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa kuma suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma sensa tana gani. Maganinsa ka sa lokaci a 1/50 ko 1/100. Ƙaramin janareta ba ya riƙe juyinsa daidai, don haka idan ratsin bai tafi ba, ƙara sassauta lokacin kaɗan.

Filasha fa? Ta waya ba ta wuce mita biyu ko uku. Tana kashe duk abin da ya sa wurin ya burge ka, ta kuma firgita mutane. Idan haske ya gaza ƙwarai, gara wani ya riƙe maka tocila daga gefe, a lulluɓe bakinta da farin ƙyalle, ko a haska farin bango hasken ya dawo a tausashe.

A bakin kogi

Hotunan kamun kifin Kebbi da duniya ta sani na Argungu ne, kuma kusan dukkansu da rana tsaka aka ɗauke su. Amma sana'ar su da yawanta aikin almuru ne da asuba. A ƙasarmu, saboda kusancinmu da tsakiyar duniya, hasken da ke saura bayan faɗuwar rana gajere ne, minti ashirin da 'yan kai. A cikin wannan ɗan lokaci sama takan yi shuɗi mai zurfi, ruwa ya ɗauki launinta, kwale-kwale da mai tuƙa shi su zama inuwa. Kwale-kwale yana tafiya, don haka kana buƙatar 1/250. Za ka fara da ISO 400, kafin ka ankara kana 1600, kafin a idar da salla kana 6400. A nan ne barin kyamara ta zaɓi ISO da kanta yake da amfani: kai ka kafe ƙofa da lokaci, ka sa mata iyakar da ba za ta wuce ba, ka mai da hankalinka kan masunci da tarunsa.

Idan duhu ya rufe kuma abin da kake ɗauka ba ya motsi, lissafi ya juye gaba ɗaya. Yanzu lokaci naka ne. Ɗora kyamara a kan ƙafa-uku, in babu, ƙaramin buhun shinkafa ko na yashi a kan dutse ya wadatar. Sa mata jinkirin daƙiƙa 2 don kada dannawar yatsanka ta girgiza ta. A daren cikakken wata, f/2.8 da ISO 1600 da daƙiƙa 4 za su ba ka gaɓar kogi. Amma tunda babu mai gudu, me zai hana ka sauko 400 ka ba ta daƙiƙa 15? Ka tara haske sau huɗu, yashi ya ragu da rabi. Hoton zai ba ka mamaki: ciyawa koriya, sama shuɗiya, kamar da rana, domin hasken wata hasken rana ne da ya dawo.

Wannan ne ma ya sa masu ɗaukar watan kansa suke samun farin dunƙule kawai. Wata dutse ne da rana ke haskawa, don haka saitin rana yake so: ISO 100, f/11, 1/100, a daren da ya cika. Jinjirin watan da ake nema a farkon azumi bai kai haka haske ba, sai an ƙara masa.

Taurari su ne inda ISO mai yawa ya zama tilas ko da kana da ƙafa-uku. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, idan ka daɗe da yawa taurari za su zama 'yan layuka. Masu hoto suna da ƙiyasi: raba 500 da lambar gilashinka. Gilashi mai 24 a kyamara mai babbar sensa zai ba ka kamar daƙiƙa 20. Da gilashi mai 18 a kyamara mai ƙaramar sensa, tsaya wajen 15. Buɗe ƙofa duka, sa ISO 3200, ka daidaita gani da hannunka a kan tauraro mafi haske, domin kyamara ba ta iya nemo shi a duhu. Ka zaɓi daren da babu wata. Mafi kyawun lokaci shi ne kaka, bayan ruwa ya wanke sama, kafin hazo ya sauko. Kaza da 'ya'yanta, waɗanda ido ke ƙirga shida ko bakwai, za ka tarar da su da yawa fiye da haka a hoto.

Wani abu da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa ya shafe mu: zafi. Sensa mai zafi tana haifar da nata yashin, wanda yakan ninka da ƙarin digiri shida zuwa takwas, kuma a dogon ɗauka ne yake bayyana, jajayen ɗigo da shuɗɗa a warwatse. A bazarar Kebbi, kyamarar da ta yini a cikin mota ba ta shirya wa hoton dare ba. Bar ta ta sha iska tukuna, ka riƙa kashe ta tsakanin hoto da hoto.

Idan waya ce a hannunka

Yawancin masu karanta wannan littafi waya ce kyamararsu, Tecno ko Infinix ko Redmi ko Samsung. Duk abin da muka faɗa ya shafe ta, sai dai eriyarta gajera ce. Sensar babbar kyamara tana da tsawon milimita 36 da faɗin 24. Ta waya mai matsakaicin kuɗi ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba, wato ta gaza waccan fiye da sau talatin. Shi ya sa ISO 800 a waya yakan fi 6400 na babbar kyamara yashi. Yawan megafiksel da ake tallatawa ba ya sauya wannan, raba ɗan fili ne gidaje masu yawa.

Abin da ya ceci waya dabara ce. A 2018 Huawei da Google suka fito da tsarin hoton dare, Apple ya biyo baya a 2019, yanzu kusan kowace waya tana da shi. Idan ka danna, wayar tana ɗaukar hotuna da yawa a jere cikin 'yan daƙiƙu, ta jera su a kan juna. Abin da yake na gaske yana wuri ɗaya a kowane hoto, yashi kuwa yana sauya wuri, sai ya riƙa kashe kansa. Hoto huɗu suna rage shi da rabi, goma sha shida su mayar da shi rubu'i. Sharaɗin shi ne kai da wanda kake ɗauka ku tsaya cak har ta gama. Don haka tsarin yana da kyau ga masallaci, da shago, da mutumin da ya yarda ya tsaya, amma ba ya aiki ga masu rawa a gidan biki. Ga masu motsi, shiga Pro, sa 1/100, ka bar ISO ya hau.

Kada ka zuƙo da dare, babban idon wayar shi ne mafi faɗin ƙofa. Ka goge gilashin da gefen riga kafin ka ɗauka, domin maiƙon yatsa ne ke sa kowace fitila ta yi dogon wutsiya. Idan za ka tura hoton ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse shi, kuma wuraren duhu ne suka fi jin jiki.

Baƙar fata, farar riga

Shekaru da dama, tun daga wajajen 1950, ɗakunan wanke hoto na Kodak suna daidaita injinansu ne da wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley. Fatar da ta fi wannan duhu ba ita aka yi lissafi da ita ba. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya gane wannan giɓi, ya gyara kyamarorin wayoyinsa don fuskokin Afirka, kuma wannan na cikin abin da ya ba shi kasuwa a nahiyar. Google ma ya yi nasa gyaran a 2021.

Duk da haka, da dare matsalar tana nan, domin ta haske ce. Baƙar fata ba ta mayar da haske da yawa kamar farar shadda. Ango cikin farar babbar riga a ƙarƙashin ƙwai ɗaya, idan kyamara ta bi riga fuska ta nutse, idan ta bi fuska riga ta ƙone. Ni dai fuska nake bi. Taɓa fuskar a allon waya don ta auna daga nan, ka juya mutumin hasken ya zo masa daga gaba ta gefe, ya ɗan zana goshi da kunci. Kada ka ɗauke shi a duhu da niyyar za ka haskaka daga baya, domin yashin yana taruwa ne a wuraren da suka fi duhu, fuskar ce za ta kwashe shi. Ka kuma yi hattara da saitin gyaran fuska da wayoyi ke zuwa da shi, wanda ke goge yashi tare da tsagar gado da alamun shekaru, ya kuma ƙara wa mutum farin da ba nasa ba. Kashe shi. Mutanenmu sun cancanci a ɗauke su da launin da Allah ya yi su.

Kafin ka ɗaga kyamara

Lolo garin iyaka ne. Kada ka nufi shingen jami'an kwastan ko na shige da fice ko na sojoji da kyamara, balle da dare, ko a wannan ɓangaren ko a na Benin. Kada ka tafi bakin kogi kai kaɗai da ƙafa-uku a kafaɗa, ka nemi ɗan gari ya raka ka, ka gaisa da masu wurin, ka faɗi abin da ya kawo ka. Kyamarar da ke gani a duhu ba ta ba ka izinin ɗaukar wanda bai san kana ɗauka ba, musamman mata da 'yan mata masu talla. Makarantar allo da ake karatu a gefen wutar kara tana cikin mafi kyawun abin da za ka ɗauka da dare, amma malam za ka fara gaisarwa. Ka nuna wa mutum hotonsa, idan bai so ba ka goge a gabansa.

Ina roƙon matasan garuruwa irin su Lolo da Illo da Ka'oje su ɗauki wannan aiki da muhimmanci. Rabin rayuwarmu bayan Magariba take, hira da fatauci da karatu da su, kuma kusan babu hotonta, sai wanda filasha ta ɓata. Fitilar ƙwai da aci-bal-bal suna ɓacewa a gaban idonmu, sola tana maye gurbinsu. Kayan aikin da za a adana wannan suna cikin aljihunku.

Idan ka gwada abin da ke cikin wannan babi, za ka ci karo da wata sabuwar matsala tun a daren farko. Fuskar da ke gaban ƙwan sola za ta fito shuɗi-shuɗi, wadda ke gaban wutar mai tsire ta fito jawur, alhali idonka bai ga haka ba. Kowace fitila da launin haskenta. Yadda ake sa kyamara ta gane fari a ƙarƙashin kowace irin fitila, shi ne aikinmu a babi na takwas.